Benen da Haladu Ya Gina a Kan Tsamiya

Da sunan Wanda ya ɗaga sammai bakwai ba dirka ba azara muke buɗe wannan ruwaya, da taimakonsa kuma muke fatan kai ta gaci. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali da basira, ku gyara zama ku ji nasabar gwarzon da alƙalami ke karkarwa in zai rubuta sunansa. Shi ne Haladu, Toron Unguwar Masaƙa, Garkuwar garin Gangara, Angon Tasalla, Mahayin Keke Marar Birki. Ɗan Sallau mai faci, wanda taya ba ta taɓa yi wa gardama ta kwana lafiya ba. Ɗan Barmo, wanda ya kori kura daga garken tumaki da taɓarya, ko da yake wasu maruwaita marasa kunya sun ce karen maƙwabta ne. Ɗan Ƙosau, wanda ya tashi da tuwon mutum bakwai a wurin suna ya kuma tambayi ƙanzo. Ɗan Jatau Babba, wanda ba a san ya aikata komai ba, amma an tabbatar yana da gemu. Daga wannan tsatso mai albarka Haladu ya fito, ya yi shekara talatin da biyar yana masinja a ofishin ƙaramar hukuma, yana hawa benen gwamnati da fayil a hammata, yana saukowa da kofin shayin da wani ya shanye.

Musabbabin wannan yaƙi magana ce guda ɗaya, wadda ya furta yana saurayi a zauren gidan su Tasalla, lokacin da jini ke tafasa, baki kuma ba linzami. Cewa ya yi, "Tasalla, in kika aure ni, wallahi sai na sa ki a bene, ni da ke mu zauna can sama muna shan iska." Ta yi dariya, ta aure shi. Shekara arba'in da ɗaya suka shuɗe a ɗakin ƙasa mai ƙofa ɗaya, ba ta taɓa tuna masa ba, ko da wasa, ko a ranar faɗa. Wannan shirun nata shi ke cinsa. Da ta yi masa gori ko sau ɗaya, da ya samu abin yin fushi ya huta. Da ya yi ritaya, furfura ta gama cin gemu, sai tsoro ya kama shi: kada ya mutu da rantsuwar nan rataye a wuyansa, kada matar nan ta bar duniya ba ta taɓa kallon komai daga sama ba. Ya kai ƙara wajen liman, liman ya ce abin mai sauƙi ne, ya yi kaffara. Haladu ya ce ya ji, amma kaffara ba bene ba ce.

An ruwaito, da isnadi mai ƙarfi, cewa wata ranar Talata bayan azahar sadaukin yana kishingiɗe a gindin tsamiyar da ke tsakar gidansa, tsohuwar tsamiya wadda mutum uku ba sa iya rungumewa, sai ɗan tsamiya guda ya faɗo masa a goshi. Ya ɗaga kai zai zagi tsuntsu, sai idonsa ya faɗa kan manyan rassa uku da suka rabu can sama, sun zauna daram kamar duwatsun murhu. Ya miƙe zumbur, hula ta yi gefe, ya yi kabbara har awaki suka tsinke igiya. Ya ce, "Ga harsashi Allah ya riga ya kafa mini, ni ne ban duba sama ba!"

Washegari ya kira majalisar yaƙi, wadda ta ƙunshi mutum biyu: shi, da amininsa Bawa Kafinta, Sarkin Zarto, Dodon Katako, mai yatsa tara da rabi, wanda kunnensa na hagu ya riga shi yin ritaya. Suka zana taswirar fadar a kan rairayi, ɗaki taku goma sha biyu a tsaye, goma a kwance, da baranda ta fuskar gabas. Kafin su gama musu kan inda ƙofa za ta kalla, kazar Tasalla ta ratsa ta tsakiya da 'yan tsakinta ta shafe gine-ginen baki ɗaya, kuma masana tarihi sun ƙidaya wannan a matsayin hari na farko da aka kai wa daular.

A nan saɓani ya shiga tsakanin sarki da wazirinsa. Haladu ya ce a ɗora katako kan rassan nan uku a bi su da ƙusa, a gama. Bawa ya girgiza kai ya ce, "Haladu, itace mai rai ne fa. In iska ta taso, wannan reshe gabas zai yi, wancan yamma. Ka ɗaure su wuri ɗaya da ƙusa, su yaga maka ɗaki kamar tsohon zane." Amma yaushe jinin Barmo ya taɓa sauraron mai yatsa tara da rabi? Ya ɗaura ɗamara, ya soke guduma a ƙugu, ya cika baki da ƙusoshi, ya dafa tsani.

Sai dai kafin ya taka, akwai farillar da ba a tsallakewa. A Gangara, kamar sauran garuruwan da suka san mutunci, namiji baligi ba ya hawa soro ko itace sai an yi shela, domin katangun gidaje daidai idon mai tafiya a ƙasa aka gina su, makewayi kuwa ba shi da rufi sai sararin Allah. Tasalla da kanta ta ɗauki wannan aiki. Kowace safiya sai ta yafa mayafi ta bi gida tara da ke kewaye da su tana sallama tana cewa, "Yau ma za a hau." Mata su yi wankansu da wuri, su ja tukwane zuwa ƙarƙashin rumfa, su wuni lulluɓe a tsakar gidajensu, su ce, "Allah ya ba Malam sa'a." Sun ɗauka abin kwana biyu ne, irin na mai kaɗe tsamiya.

To, aka busa ƙaho, aka shiga Yaƙin Ƙusa. Kai, jama'a! Wanda bai taɓa buga ƙusa a jikin tsohuwar tsamiya ba, kada ya buɗe mini baki a kan jarumta. Sadaukin ya ɗaga gudumarsa mai suna Kashe-Gardama ya saukar da ita da ƙarfin kakanni huɗu, ƙusa ta farko ta lanƙwashe ta yi ruku'u, ta biyu ta yi sujada, ta uku ta yi tsalle ta ɓace har yau ba a ga gawarta ba, ta huɗu kuma ta kauce ta bar babban yatsansa a fagen fama shi kaɗai, har aka ji ihunsa a bakin kasuwa aka ɗauka an yanka sa ne bai mutu ba. Duk da haka bai ja da baya ba. Kafin la'asar ya kafe katako guda tsakanin rassa biyu, ya tsaya a kansa yana yi wa kansa kirari. Yana sauka shan ruwa iska ta kaɗa, rassan suka yi abin da Bawa ya ce za su yi, katakon ya yi ƙara ya tsage biyu, rabi ya tsaya a sama, rabi ya sauka a kan akurki. Bawa ya ja tsaki mai tsawo, wanda ya fi zagi ciwo.

Daga ranar aka koma kan dabarar waziri, ko da yake a ruwayar Haladu shi ne ya fara kawo ta. Aka tsara cewa nauyin ɗaki ba a kan itace kaɗai zai zauna ba. Dirkoki huɗu na ƙirya za su riƙe kusurwoyi daga ƙasa, ƙiryar nan da gatari ke jin kunyarta. Aka babbaka gindinsu a wuta, aka shafe su da baƙin mai har sau uku saboda gara, maƙiyiyar da ba ta buga tambari in za ta kawo hari, aka haƙa musu ramuka zurfin hannu har kafaɗa, aka cusa duwatsu aka kirɓe da taɓarya. Uwar azara kuwa, wadda za ta ratsa tsakiya, ba za ta ga ƙusa ba: za ta kwanta ne a cikin gwafar rassan, a kan yankin tsohuwar taya, a ɗaure ta da igiya sakwa-sakwa, ta yadda in itace ya motsa ita ma ta muskuta ta koma. Sauran azarun na giginya ne, baƙaƙe masu nauyi, waɗanda aka tono daga rusasshen soron Ƙosau a ƙauye, suka shigo gari a kan amalanke bisa rakiyar mayaƙa biyu da jaki guda mai ra'ayin kansa.

Ba za mu tsallake Waƙi'ar Rina ba, ko da yake iyalan sadaukin sun so a tsallake. A reshen arewa akwai wata ƙabila ta rina da ta kafa birni tun kafin a haifi Haladu, ba ta kuma karɓi goron mubaya'a ba. Ya tunkare su da tsumma mai hayaƙi a kan sanda, yana kururuwa, "Ku fito, ga mai gida ya zo!" Suka kuwa fito. Maruwaita sun saɓa a kan yadda ya sauko, wasu sun ce ta tsani, wasu sun ce tsanin ne ya biyo bayansa, Allah shi ne mafi sani. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne leɓensa na sama ya kumbura har ya yi wa na ƙasa inuwa, kwana uku yana shan koko ta gefen baki, Tasalla tana shafa masa man shanu tana kau da kai don kada ya ga haƙoranta. A rana ta huɗu ya koma da buhu a ka, an huda masa ido biyu, ya ci birnin da yaƙi.

Sai ranar ɗaga uwar azara, ranar da ni mai wannan ruwaya na halarta da jikina, kuma bayana bai yafe mini ba har gobe. Haladu ya yi gayya a majalisar bakin masallaci, muka amsa kira mu shida, dakarun da in aka haɗa haƙoranmu ba za su cika bakin mutum biyu ba. Aka rataya igiya ta saman reshe, muka kama gefe ɗaya, azara tana ɗaya gefen tana kallonmu da raini. Haladu daga sama ya daka tsawa, "Ku ja, 'ya'yan maza!" Muka ja, ƙasusuwa suka yi ƙara, rawuna suka warware, wani ya kira sunan uwarsa wadda ta rasu tun zamanin kuɗin ahu. Bawa, da yake ta kunnen hagu umarni ke zuwa masa, sai ihu yake, "A sassauta! A sassauta!" Haladu na cewa a ja, Bawa na cewa a saki, azara na lilo a tsakanin sama da ƙasa tana neman wanda za ta fara gaisarwa. Da ikon Allah, ba da dabararmu ba, ta faɗa cikin gwafar ta zauna tim. Muka zube a ƙasa muna haki, Tasalla ta aiko da kunun zaƙi, shi ne ganimar da muka samu.

Bayan wannan, nasara ta yi ta bin nasara. Aka jera azaru, aka shimfiɗa daɓen katako, aka tada bango, aka kifa kwano. Bawa ya ce a jingina tsani a huta, Haladu ya ce ina, matar da ta haifa masa 'ya'ya bakwai ba za ta hau tsani kamar mai gyaran wuta ba. Ya sa aka yi matakala mai mataki goma sha shida, masu faɗi, da abin dafawa, ya zauna da kansa yana goge shi da fasasshiyar kwalba don kada sartse ya shiga hannunta. A kwana na arba'in da bakwai ya sassare ganyen da ke tare fuska, ya fasa tagogi huɗu, ɗaya ga kowace kusurwa ta duniya, domin iska ta shigo ta inda ta ga dama.

Ranar Juma'a da hantsi, Fatihin Tsamiya, Mai Rusa Birnin Rina, ya saka babbar rigarsa ta Sallah, ya ɗauki sabuwar tabarma da buta, ya hau don ya gyara wa Tasalla wurin zama kafin ya kira ta. Ba a yi shela ba. Wa ke yin shela in zai shiga ɗakinsa? Ya tura tagar gabas, ya buɗe hannuwa, ya ce, "Alhamdu lillahi!" Bai rufe baki ba kururuwa ta tashi daga gidan Isiyaku mai gyaran rediyo, aka ji bokiti ya kife. Ya rufe tagar da sauri ya buɗe ta yamma don ya ba da haƙuri, sai gida uku suka ɗauka a tare. Ya ruga ta kudu, abin ya fi muni. Nan take rundunar mata ta yi masa ruwan makamai: ludayi, muciya, takalmin roba, da wani ƙullin daddawa da ya same shi a kunne. Ya rantse mini da Allah idonsa a rufe yake tun taga ta farko, na kuma yarda da shi, domin da ƙafa ɗaya cikin buta ya sauko.

Bayan an sauko daga masallaci, mazan gida tara suka kai ƙara wurin Mai Unguwa Jibo. Shi kuma, da yake adali ne, ya ce ba ya hukunci sai ya gani da idonsa. Ya taho da jama'a har gindin tsamiya, ya tattare riga, ya ɗora ƙafa a matakin farko. Sai Isiyaku ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ma namiji ne." Mai Unguwa ya janye ƙafarsa a hankali kamar ya taka garwashi. Aka aika aka kira yayarsa, Gwaggo Kande ungozoma, wadda rabin mazan da ke wurin a hannunta suka faɗo duniya. Ta hau tana nishi, ta daɗe, ta sauko ta ba da rahoto ba sassauci.

Ta ce, "Ta gabas gida huɗu, tar, har abin da ke cikin tukunya. Ta yamma uku. Ta kudu biyu, da makewayin liman."

Liman, da ke tsaye a baya, ya yi salati.

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, zan toshe tagogin duka. In zauna a duhu, na yarda."

Gwaggo Kande ta ce, "Wane tagogi, ɗan nan? Tun daga mataki na tara ake fara gani."

Haladu ya ce to za a riƙa yin shela kullum, kamar yadda aka saba. Isiyaku ya zabura ya ce, "Haba Malam Haladu, ka ji tsoron Allah! Kwana arba'in da bakwai iyalina na wanka da sanyin safiya har mura ta kama ta, mun yi shiru saboda girmanka. Yanzu so kake matanmu su ƙare rayuwarsu a lulluɓe cikin gidajensu?" Ba wanda ya iya cewa ƙarya ya yi, har ni da bayana ke cikin ginin.

Mai Unguwa ya yanke hukunci: ko dai a rushe, ko kuwa kada namiji baligi ya sake wuce mataki na takwas, daga yau har abada. Na kalli Haladu a cikin rigar Sallarsa, yatsa a naɗe, kunne na warin daddawa, yana kallon ɗakin da ya san kowace ƙusa da ke jikinsa, wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Bawa ya matso da kunnensa na dama yana tambaya me aka ce, ba wanda ya iya maimaita masa.

Can Haladu ya ɗago ya ce, "Mace fa, ranka ya daɗe?"

"Mace ta hau, ba laifi."

Ya ce, "To a bar shi."

Bayan la'asar, da jama'a suka watse, muka rage ni da Bawa a bakin zaure, Tasalla ta fito da sabon ɗankwali. Haladu ya riƙe mata gwiwar hannu, suka hau tare, mataki bayan mataki, yana ƙirgawa a fili. A na takwas ya tsaya, ya sake ta, ya juya fuskarsa ga jikin itace. Ta dube shi, ta ƙarasa sauran ita kaɗai. Muka ji takunta a kan daɓe, muka ji taga ta buɗe.

Haladu ya kasa haƙuri ya ɗaga murya, "Tasalla! Daɓen yana motsi?"

"Ba ya motsi, Malam."

"Iska fa?"

"Akwai iska." Sai kuma muryarta ta canza. "Malam, ashe daga nan ana hango giginyun gonar babana."

"Guda nawa?"

"Biyu. A da uku ne."

Ya zauna a kan matakin, ya cire hula ya share fuska da ita, ya ce, "To madalla. Ki kalla da kyau, ki ba ni labari."

Haka sadaukin ya zauna, tsakanin sama da ƙasa, yana jiran bayanin daular da ya ci da yaƙi. Jim kaɗan sai kanta ya leƙo ta baranda, tana jan hanci, ta ce, "Malam, tunda kai ne kusa da ƙasa, ɗauko mini faifan kuɓewar nan da ke kan turmi in shanya. Nan dai awaki ba za su kai ba."

Sai Haladu ɗan Sallau, ɗan Barmo, ɗan Ƙosau, ɗan Jatau Babba, ya miƙe cikin haiba, ya sauka mataki takwas, ya ɗauko faifai, ya hau mataki takwas, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu iyakar tsawonsa. Da kyar yatsunta suka kamo gefen faifan. Ta ce saura na barkono.